Gargaɗi: kada ku sayi "maganin tabon tsofaffin randuna" mai kwalba uku

Saiti 3 na saya, kwalba 9 ke nan. Randa 5 suka lalace, kuma babu wadda za ta koma yadda take. Jama'a, duk mai ajiye tsofaffin randunan yumɓun dutse, irin masu fatar gilas da zanen shuɗi, ya yi hattara da wani mai talla a intanet da ke sayar da kwalabe uku marasa bayanin abin da ke ciki, wai sirrin masu gyaran kayan tarihi ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Hotunan hirarmu suna nan, da na randunan kafin da bayan, zan sa su in na gama haɗawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da na yi masa. Na ce, akwai bilic a ciki? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wanda ya san kaya ba ya kai bilic kusa da fatar gishiri." Wannan maganar ce ta kama ni. Fatar gishiri! Mutum nawa ne suka san ana watsa gishiri cikin tanda ne lokacin da zafi ya kai wajen digiri 1,200 na Selsiyos, tururinsa ya haɗu da yashin da ke cikin yumɓun ya zama gilas mai gurzi-gurzi kamar ɓawon lemo? Ya san cikin randunan Amurka na ƙarni na 19 ana shafe shi da ruwan yumɓun garin Albani na jihar Niyok, mai ruwan ƙasa. Ya san lambar da ke gefe yawan galan take nufi. Har kamfanin yin randuna na Red Wing da ke jihar Minesota ya ambata. Wa zai zaci mai irin wannan sani zai ɗura wa mutum bilic a kwalba? Na tambaya, ya amsa, amsar kuma daidai take. Ba sakaci na yi ba.

Kwalbar farko bilic ce, an zuba mata turare don ya danne warin. Takardarsa ta ce a jiƙa randa awa 48. Tabon mai da ya yi shekaru yana fita kuwa, randa ta yi fes, kuma a nan ne bidiyonsa yake tsayawa. Yumɓun dutse da ya gasu sosai ba ya shan ruwa sai kaɗan, shi ya sa ma wasu ke ganin bilic ba ta da illa. Amma tsohuwar randa ba sabuwa ba ce. Gindinta ba shi da fatar gilas, bakinta ya sha gugar murfi, wata ma tun a tanda ba ta gasu daidai ba, kuma randuna masu farar fatar gilas suna yin ƙananan tsagu kamar saƙar gizo-gizo. Ta nan bilic ke shiga. In randa ta fara bushewa sai gishirin bilic ya daskare a ƙarƙashin fatar, yana kumbura, yana tura ta sama. Da farko wani farin gari kake gani a bakin tsagun, ka goge ya dawo, daga baya fatar ta riƙa ɓallewa ɗan mitsi-mitsi. A kwana na 19 na ga garin. Shi kuma ya ce kwana 7 kaɗai yake karɓar ƙorafi. Ya san lissafinsa sarai.

Kafin wannan ma, tun ranar da na buɗe kwalba ta biyu, wani wari ya shaƙe ni har hawaye. Asid ce. Takardar ba ta ce a ɗauraye randa tsakanin ta farko da ta biyu ba, alhali bilic da asid in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai ƙona huhu. Na kira shi, a'a, saƙo na tura masa, kiran sai daga baya ne da ya daina ɗauka. Ya ce alamar magani yana aiki ce. Wannan ma yana cikin hotunan.

Kuma ba asid ce ta wasa ba. Na ɗiga ta a kan ɓallin gilashin taga, bayan minti 10 wurin ya yi fari dishi-dishi, ba ya goguwa. Khal ba ya yin haka, ruwan batir ma ba ya yi. Asid mai sinadarin fuloraid ce ke cin gilas, irin wadda ake sawa a wasu magungunan cire tsatsa, kuma shi ya sa ba a zuba ta sai a roba. To fatar randa mece ce in ba gilas ba? Tsatsar ta fita, ta tafi da saman fatar gaba ɗaya. Zanen shuɗin kobal da ke ƙyalli ya koma kamar an yi shi da alli. Irin wannan asid in ta taɓa hannu ba lallai a ji zafi nan take ba, sai bayan sa'o'i, lokacin ta riga ta shige nama. Ko safar hannu bai ce a sa ba.

Kwalba ta uku ita ce asalin damfarar. Mai ne kawai. A shafa, in ji shi, don "dawo da ƙyalli". Man yana cike ramukan da asid ta ci, randa ta yi sheƙi kamar ba abin da ya faru, ka ɗauki hoto ka tura masa kana godiya. Ni ma na tura, kuma na san yana nuna wa wasu. Sai ka wanke da sabulu sannan ka ga fatar ta mutu, man kuma ya bi tsagu ya shige, ya haifar da sabon tabo irin wanda ka biya kuɗi don a cire. Kwalba 9. Na biya kuɗinsu cif, da na aike, tun kafin ya turo. Da na yi niyyar saiti ɗaya, shi ya ce randa mai galan 5 ba za ta nutse a ɗaya ba, kuma da gaskiyarsa, ba za ta nutse ba. Kullum sai ya faɗi gaskiya ɗaya ya jingina ƙarya a jikinta.

Randa 5. Biyu fatarsu na ɓallewa, biyu sun dushe, ta biyar ashe tana da tsohon gyara a hannunta, gam ya saki, hannun ya cire. Ita kaɗai ce ban haska da fitilar UV, mai tona tsohon gyara, ba kafin in jiƙa, don ya ce maganin ba ya taɓa gyara.

Abin haushin, hanyar gaskiya ba ɓoyayya ba ce, jinkiri kawai gare ta. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da buroshi mai laushi tukuna, ban da ruwan zafi, don sauyin zafi farat ɗaya yana tsaga randa, ban da soson ƙarfe, yana barin baƙin zane. Farin ƙanzon da ruwa ke bari, farin khal da ruwa rabi da rabi, awa ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye. Tabon mai da ya shiga tsagu, ruwan haidirojin na kantin magani mai kashi 3, ko mai kashi 12 da safar hannu da tabarau: a jiƙa auduga a shimfiɗa kan tabon, a rufe da leda, a riƙa sauyawa kullum. Yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Haidirojin ba ya cire tsatsa, ita sai asid ɗin okzalik kaɗan a kan tabon kawai. Kada a haɗa haidirojin da khal a mazubi ɗaya. Daga nan a jiƙa randa a tataccen ruwa, ana sauyawa, ta bushe a inuwa.

Wanda ya riga ya yi amfani da kwalaben, ya wanke man da sabulu yau, ya nutsar da randar cikin tataccen ruwa, yana sauyawa kullum na makonni, ko gishirin zai fito kafin ya ɗaga fatar. Dushewar asid kam ba ta da magani. Kada ku juye sauran kwalaben wuri ɗaya. Duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ku ɗiga a gilas tukuna.

Ya sauya sunan shafinsa sau biyu tun da ya toshe ni, amma bidiyon bai sauya ba: randa mai lamba 3 da zanen tsuntsu, hannu ba safa. Hotunan suna tafe.