Ƙarin jini ko allurar fakta: wanne ga mai himofiliya?

Yaro mai himofiliya, wato ciwon da ke hana jini daskarewa, ya faɗi a Kubwa, gwiwa ta kumbura, ko an yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa. Abu biyu ne a gaban iyaye: ƙarin jini, ko allurar fakta, wato sinadarin daskarar da jini da jikinsa ya rasa.

Ƙarin jini ko ruwan jini ya fi saurin samuwa a asibitocin Abuja. Sai dai sinadarin daskarewar da ke cikinsa kaɗan ne, kuma kowace leda daga jikin wani ta fito. Ana gwada HIV da ciwon hanta nau'in B da C, amma sabon kamu kan iya ɓuya wa gwaji. Wanda za a yi ta ƙara wa jini tsawon rayuwarsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Allurar fakta ita ma tana da tabo. A shekarun 1970 da 1980 ana haɗa ta daga jinin dubban mutane, har binciken Birtaniya na 2024 ya gano kusan mutum 1,250 masu matsalar daskarewar jini sun kamu da HIV, cikinsu yara kusan 380. Yanzu ana kashe ƙwayoyin cutar, kuma tun 1992 akwai wadda ba daga jinin mutum ake samo ta ba.

Ni dai allurar fakta zan zaɓa. Tsadarta da ƙarancinta ne ke ci mini rai.