Matan Sarauta Biyu a Gidan Tarihin Prado: Goya ko Madrazo?

A gidan tarihin Prado da ke Madrid akwai zanen mata biyu 'yan sarautar Sifen da ya kamata a kalla tare.

Na Federico de Madrazo, wanda ya zana a 1853, hoton Amalia de Llano ne, uwargidan Vilches. Rigar shuɗin siliki sai ƙyalli, maficin gashin tsuntsu a hannu, yatsu a kumatu, tana murmushi ido cikin ido. Gwaninta kam ba a magana. Amma ita ta zaɓi fuskar da za ta nuna, shi kuma ya bi ta da ladabi.

Goya kuwa a 1800 ya zaunar da María Teresa, matar Manuel Godoy, ɗan gaban goshin sarkin Sifen, cikin duhu, ba labule ba kayan ƙawa. Tana ɗauke da juna biyu, zangarniyar alkama a kanta alamar haihuwa, hannaye haɗe a cinya. Ba ta kallonmu sam. Auren siyasa aka yi mata, kuma kowa a fada ya san mijin na da farka, Pepita Tudó. Kunya da kaɗaici duk suna nan a kafaɗunta.

Idan ado ake nema, Madrazo. Ni dai gaban na Goya zan daɗe a tsaye.