Taizé ko YWAM: ina matashi zai kai shekarar hutunsa?

Matashin Kirista da ya gama sakandare, yana son keɓe watanni kafin jami'a, zai iya duba wurare biyu.

Taizé ƙauye ne a Faransa, kusa da Cluny, inda Ɗan'uwa Roger ya sauka a 1940 ya kafa zumuntar 'yan'uwa maza masu zaman ibada da ta haɗa Katolika da Furotesta. Sau uku a rana ƙararrawa ke kira zuwa addu'a: gajerun waƙoƙi da ake ta maimaitawa, karatun Littafi Mai Tsarki, sannan shiru na wasu mintuna, babu doguwar huɗuba. Tsakanin addu'o'in sai aiki: girki, shara, wanke bayi, tarbar dubban baƙi lokacin bazara. Abincin ma ba na a zo a gani ba ne. 'Yan'uwan ba sa karɓar kyauta don kansu, da sana'ar hannunsu suke ci, har da ginin tukwane.

YWAM (Youth With A Mission) kuwa, ƙungiyar bisharar matasa wadda Loren Cunningham ya kafa a 1960, ta masu zafin nama ce. Makarantar almajirancinta kan ɗauki wata biyar zuwa shida: kusan wata uku a aji, sauran a fita bishara, sau da yawa zuwa wata ƙasa. Ɗalibi ke biyan kuɗinsa, galibi da gudummawar ikilisiya da dangi, kuma ingancin koyarwa ya danganta da reshen da ka faɗa.

A ganina, mai tarin tambayoyi game da bangaskiyarsa zai fi sakewa a Taizé. Sai dai bizar Faransa ba wasa ba ce, YWAM kuma tana da rassa a Afirka.