Sauraro ko karatu: wanne ɗalibin sakandare a Sin zai fi bai wa lokaci a Turanci?

Alhaji, ka ce abokin kasuwancinka a Guangzhou yana da ɗa a aji biyu na babbar sakandare, yaron ba ya samun fiye da awa ɗaya a rana ta yin bitar Turanci bayan aikin makaranta, kuma mahaifin ya nemi shawararka a kan inda ya kamata a kashe wannan awa, ko a sauraro ko a karatu da fahimtar rubutu. Abin da nake gani shi ne karatu ya ɗauki minti 40, sauraro ya ɗauki minti 20, da sharaɗin cewa sauraron ba za a tsallake shi ko rana ɗaya ba. Ga dalilaina, domin ka sami abin da za ka faɗa wa mahaifin idan ya tambaye ka hujja.

Duk ɗalibin babbar sakandare a ƙasar Sin idonsa yana kan jarrabawa guda, wato gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni kowace shekara, wadda aka dawo da ita a 1977, kuma mutum miliyan 13.42 suka yi rajistarta a 2024. Turanci yana da maki 150 a cikinta, daidai da Sinanci da lissafi. A takardar ƙasa ta sabon tsari, wadda yawancin larduna ke amfani da ita, sauraro yana da maki 30, fahimtar rubutu 50, cike gurbi da nahawu 30, insha'i kuma 40. Ko a nan ma an ga wanda ya fi nauyi. Amma lissafin bai tsaya a 50 da 30 ba, domin cike gurbin ma karatu ne, ana ba ɗalibi labari da aka cire masa kalmomi ya mayar da su, sannan maki 25 daga cikin 40 na insha'i suna kan wani aiki da ake ba ɗalibi rabin labari ya karanta, ya ƙarasa shi da sakin layi biyu. Wanda bai fahimci rabin farko ba, ba shi da abin da zai ɗora a kai. Hatta tambayoyin sauraro a rubuce suke, kuma daƙiƙa biyar kacal ake bayarwa a karanta kowace tambaya kafin murya ta fara a sashe na biyu. Saboda haka mai jinkirin karatu yana asarar maki har a ɓangaren da ba na karatu ba.

Sai dai yaron da kake magana a kansa, idan a lardin Guangdong, inda birnin Guangzhou yake, zai zauna jarrabawa, tsarinsa ya ɗan bambanta, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mahaifin ya tabbatar. A Guangdong ba a yin sauraro tare da takardar Yuni. Ana yin sa tun a watan Maris a gaban kwamfuta, an haɗa shi da magana, ɗalibi yana sanye da abin ji a kunne da makirufo a bakinsa. Kashi uku ne: ya kalli gajeren bidiyo ya kwaikwayi karatun mai magana, ya shiga wata hira ya yi tambaya uku ya amsa biyar, sannan ya saurari labari ya sake ba da shi da bakinsa. Ana ba da maki a kan 60, a raba uku ya koma 20, takardar rubutu kuma a ɗaga ta daga 120 zuwa 130. Ka ga ke nan a can karatu ya ƙara nauyi, sauraro ya ragu a maki, amma ya ƙaru a wahala, tunda babu zaɓin A ko B da mutum zai canka ya dace. A Beijing kuwa akasin haka ne: tun daga 2021 sauraro da magana suna da maki 50, ana yi sau biyu, a Disamba da Maris, a ɗauki wanda ya fi kyau. Da yaron ɗan Beijing ne, da na ce a raba awar biyu daidai.

Yanzu mu dubi yadda kowanne yake a aikace. Sauraron takardar ƙasa tambaya 20 ne, kowace da maki ɗaya da rabi da zaɓi uku, kuma gaba ɗaya bai fi kimanin minti 20 ba. A tsarin da aka shafe shekaru ana bi, sashe na farko gajerun hirarraki biyar ne da ake ji sau ɗaya, sashe na biyu kuma dogayen hirarraki ko jawabi biyar da ake maimaitawa sau biyu. Akwai misalin da ake bugawa a saman takardar wanda kusan duk wanda ya yi sakandare a Sin ya haddace: ana tambayar kuɗin wata riga, amsar kuma fam tara da pens goma sha biyar, har abin ya zama barkwanci a tsakanin tsofaffin ɗalibai. Misalin yana nuna irin tarkon da ake ɗanawa, domin zaɓin farko fam goma sha tara ne da pens goma sha biyar, kuma a Turanci nine da nineteen gaɓa ɗaya ce ta raba su. Kalmomin sauraro ba su da wuya. Maganar tikitin jirgi ce, da ajiyar ɗaki a otal, da lokacin ganin likita, da wanda ya makara taro. Wuyar tana cikin sauri da kuma cewa magana ba ta jiran kowa.

Fahimtar rubutu kuwa nassoshi huɗu ne, A zuwa D, da tambaya 15, sai nassi na biyar da aka cire masa jimloli biyar aka ba ɗalibi bakwai ya zaɓa, abin da ɗalibai ke kira qi xuan wu, wato zaɓi biyar cikin bakwai. Kowace tambaya maki biyu da rabi. Nassin A yawanci sanarwa ce ko talla, ana cin sa da ido cikin minti kaɗan. B kan zama labarin wani mutum. C da D su ne inda ake tankaɗe ɗalibai, domin bayanin kimiyya ne ko muhawara da aka tsakuro daga jaridu da mujallun ƙasashen Turanci, da jimloli masu tsawo da rassa, kuma tambayoyinsu ba su tsaya a kan abin da aka faɗa ƙarara ba, suna neman abin da marubuci yake nufi, ko matsayinsa a kan batun, ko taken da ya fi dacewa. Ɗalibi mai ƙoƙari yana iya kusan cinye makin sauraro duka, amma da wuya ya fita daga C da D ba tare da ya bar wani abu ba. A jarrabawar da maki ɗaya ke iya sauke mutum ƙasa da ɗaruruwan abokan takara a lardinsa, tambaya biyu da aka faɗi a nassin D asarar maki biyar ce.

To me ya sa ban ce a ba karatu awar duka ba? Saboda su biyun ba iri ɗaya suke girma ba. Karatu yana karɓar zama mai tsawo, mutum na iya barin sa kwana biyu ya rama ranar Lahadi, kuma rubutu yana nan a gabansa, idan jimla ta kufce ya koma kanta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a ɗakin jarrabawa haka abin yake. Kunne ba ya ramuwa. Awa uku ranar Lahadi ba ta kai minti 20 na kullum ba, kuma wanda ya bar shi sai saura wata ɗaya ya zama mai fafe gora ranar tafiya. Matsalar ɗalibin Sin a nan tana da tushe a harshensa. Gaɓar Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, tana ƙarewa ne da wasali ko da n ko ng, ba ta tara baƙaƙe biyu ko uku a jere, kuma kowace gaɓa tana fita a sarari da karin sautinta. Turanci kuwa yana haɗiye gaɓoɓi marasa nauyi, yana manna ƙarshen kalma da farkon ta gaba. Bahaushe ya san wannan ciwo, tunda mu ma wasali muke cusawa mu ce burodi ko sukurudireba. Yaron da ya haddace kalma daga littafi da irin furucin da ya ƙirƙira mata a kansa ba zai gane ta ba idan ta zo da gudu a bakin Bature, ko da ya san ma'anarta sarai. Sinawa da kansu suna da suna ga wannan hali, yaba Yingyu, Turancin bebe, wato na wanda yake karantawa amma ba ya iya buɗe baki.

Minti 20 ɗin nan, yadda za a kashe su ya fi yawansu muhimmanci. Abin da na fi yarda da shi shi ne abin da malamansu ke kira jingting, sauraron ƙwaƙƙwafi. A ɗauki hira ɗaya daga tsohuwar jarrabawa, wadda ba ta wuce minti ɗaya da rabi ba. Yaro ya ji ta sau ɗaya ya amsa tambayoyi. Sannan ya koma jimla-jimla yana tsayar da murya yana rubuta abin da ya ji, ya bar gurbi inda bai ji ba. Bayan haka ya buɗe rubutaccen nassin ya gwada da jan biro. A nan zai ga cewa guraben nasa ba manyan kalmomi ba ne, yawancinsu irin su would da at da of ne da aka haɗiye, ko can't da ya ji kamar can. Daga ƙarshe ya bi muryar da bakinsa sau biyu ko uku, yana kwaikwayon saurinta. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ainihin kashi na farko na jarrabawar Guangdong, don haka ga wannan yaro ba ƙari ba ne. Barin rediyon Turanci yana ta magana alhali mutum yana aikin lissafi ba ya cikin wannan lissafi, a ganina ɓata batir ne kawai. Kuma tunda tun 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Sin ta taƙaita shiga da wayar hannu makarantu, gara a sama masa ƙaramar na'urar sauraro idan a makaranta yake kwana.

A ɓangaren karatu, haɗarin daban ne. Makarantun Sin sun shahara da abin da ake kira tihai zhanshu, dabarar tekun tambayoyi, inda ɗalibi ke amsa takarda bayan takarda har ya gaji. Tana koyar da sauri da sanin halin masu tsara tambaya, ban musa ba, amma yaron da ya amsa nassi goma ya duba amsa ya wuce bai kai wanda ya amsa biyu ya tsaya ya bincika su ba. Zan raba minti 40 ɗin haka: nassi biyu a kan agogo, kowanne minti bakwai ko takwas, sauran lokacin kuma a koma kan kowace tambaya da aka faɗi a nemo jimlar da amsar take ciki, a gano ko kalma ce ba a sani ba, ko ginin jimla ne ya rikita, ko kuwa an zaɓi amsar da take gaskiya a duniya amma ba ita nassin ya faɗa ba, wanda shi ne kuskuren da ya fi kama yara masu kaifin basira. Ɗaliban can sun saba da ajiye cuoti ben, littafin kurakurai, kuma a nan yake da amfani, muddin dalilin kuskuren ake rubutawa ba harafin amsa kaɗai ba. Kwana biyu a mako kuma a ajiye tambayoyi gaba ɗaya, yaro ya karanta labari mai sauƙi da yake jin daɗinsa ba tare da ƙamus a hannu ba. Manhajar Turanci ta ƙasar Sin ta 2017 ta tanadi kalmomi wajen 3,000 ga mai gama babbar sakandare, kuma haddace su daga jeri ba ya sa mutum ya gane su da sauri idan ya gamu da su a tsakiyar doguwar jimla. Yawan haɗuwa da su a cikin labari ne ke yin wannan, kuma shi ne ke ba yaro kalmomin motsi da na yanayin zuciya da zai buƙata wajen ƙarasa labari a insha'i.

Akwai wurin da hanyoyin biyu ke haɗuwa, kuma mai awa ɗaya bai kamata ya bar shi ba. Littattafan makaranta na Sin suna zuwa da muryar da aka naɗa ta nassoshinsu. Idan yaro ya gama nazarin nassi da ido, ya rufe littafin ya saurare shi, kunnensa yana samun kalmomin da ya riga ya sani a cikin sautinsu na gaskiya, kuma karatun safe da ake yi da ƙarfi a ajujuwansu kafin darasi zai iya zama kwaikwayon wannan murya maimakon rera furucin da bai daidaita ba.

Rabon nan na 40 da 20 na aji biyu ne. Idan ya shiga aji uku, daga Disamba zuwa Maris a juya shi, sauraro da magana su ɗauki kaso mafi girma, ya riƙa gwaji da abin ji a kunne da makirufo yana naɗar muryarsa yana saurare, domin yin magana ga kwamfuta a ɗakin da wasu ɗalibai da yawa ke magana a lokaci guda abu ne da sai an saba. Da zarar an gama jarrabawar Maris, awar duka ta koma kan karatu da insha'i har zuwa ranar 8 ga Yuni da ƙarfe uku na rana, lokacin da ake zama takardar Turanci.