Yawon ɗanɗana abinci a Bolonya: na biya kuɗin ci shida, biyu na ci

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bolonya, a ƙasar Italiya, ne ya matsa min in zo in ga garin kafin ya gama. Gari kam ya haɗu. Jami'ar tun 1088 take, ga dogayen barandun nan na gefen titi da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021, sai ka yini kana yawo ruwan sama bai taɓa ka ba. Abin da ya sa ni rubutu shi ne yawon ɗanɗana abinci da na biya wa wani kamfani ta intanet, ni da shi.

Wajen rajista sun tambayi abin da mutum ba ya ci. Na rubuta ƙarara, ba naman alade, ba giya. Suka amsa cewa babu damuwa.

Mu tara ne da ɗan jagora. Tsayawar farko a kasuwar Quadrilatero, dab da Piazza Maggiore, babban dandalin garin, aka kawo wani sarrafaffen nama mai suna mortadella. Alade ne zalla, muka koma gefe. Ta biyu tortellini, wato 'yan ƙunshin taliya mai nama, cikin romo, shi ma cikinsa alade. Ban ji haushin garin ba, abincinsu ke nan tun kaka da kakanni, ba banza ake masa kirari da La Grassa, wato mai maiƙo, ba. A tsayawa ta uku raina ya ɓaci. Aka ajiye min taliyar tagliatelle da miyar ragù, jagoran ya ce in ci hankali kwance, naman sa ne. Har na ɗauki cokali mai yatsu sai ƙanena ya riƙe min hannu ya ce, "Yaya, dakata in tambaya." Ya leƙa madafa da Italiyancinsa, mai girkin ta gaya masa gaskiya: naman sa ne, amma da pancetta ake fara soya miyar, wato kitsen cikin alade, sannan a zuba giya. Haka ake yinta a Bolonya, kowa ya sani. To mutumin da wannan ce sana'arsa ya za a yi a ce bai sani ba? Da ni kaɗai na zo da na ci. Wannan ya fi yunwar yi min ciwo.

Sai dai ba zan ci haƙƙin matar nan ba. Dattijuwa ce, cikin masu murza taliya da hannu da suke kira sfoglina. Da ta ji abin da ya faru, ta wanke tukunya a gabana, ta murza ƙullun fulawa da ƙwai har ya yi siriri kamar gyale, ta naɗe min tortelloni da cukun ricotta da ganye, ta juya shi cikin man shanu da wani ganye mai ƙamshi da suke kira salvia. Wallahi ban taɓa cin taliya irin wannan ba. A lokacin har na ji kuɗina bai tafi a banza ba.

Muna fita aka nufi wurin ɗanɗana giya, muka yi kusan rabin awa a tsaye a waje. Daga nan aka kawo burodi, da muka tambaya aka ce da kitsen alade aka kwaɓa shi. Sai jelato, wato askirim ɗinsu, a ƙarshe, wanda ko'ina a garin zan iya saya da kaina. Na rubuta wa kamfanin, sun ba da haƙuri, ko kobo ba su mayar ba.

Washegari mu kaɗai muka hau barandar San Luca mai kusan kilomita 4 zuwa kan tudu, muka sauko muka koma wurin dattijuwar. Ga kamfanin kuwa, tauraro biyu na ba su, kuma dukansu nata ne.