Sharhi kan wasan Total War: Warhammer, inda dodanni ke yaƙi ba tare da doki ba

Kusan wata uku ke nan da na sayi wasan kwamfuta mai suna Total War: Warhammer ta manhajar Steam, kuma na buga shi gwargwadon da zan iya faɗin ra'ayina a kansa. Kamfanin Creative Assembly na ƙasar Ingila ne ya ƙirƙire shi, Sega ta fitar da shi a shekarar 2016, an kuma gina shi a kan duniyar almara ta Warhammer, wadda kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham ya fara fitarwa a 1983 a matsayin wasan 'yan gumakan sojoji da ake jerawa a kan tebur. Mai wasa yana zaɓar al'umma guda, ya gina garuruwa, ya tara runduna, idan kuma an yi arangama sai ya sauka fagen daga ya riƙa juya dubban mayaƙa da hannunsa. Sauke wasan ya cinye mini data mai yawa, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukar zafi idan runduna ta cika fili, amma wannan laifin na'urata ne.

Na fara da Daular 'yan Adam ƙarƙashin sarkinsu Karl Franz, inda na saba da baradensa na Reiksguard, masu sulke da kwalkwali da dogayen māsu. Da na gaji sai na koma ɓangaren korayen dodanni, wato Orc da Goblin, a ƙarƙashin jagoransu Grimgor Ironhide, kuma a nan ne na lura da abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Na duba jerin mayaƙansu daga sama har ƙasa ina neman mahaya dawakai, ban sami ko ɗan dukushi ba. Manyan, wato Orc, suna hawan aladun daji masu haure, ƙananan kuma suna hawan kyarketai, wasu ma gizo-gizo mai dafi suke hawa su ratsa kurmi da shi. Hatta keken yaƙinsu alade ne ko kyarkeci ke jan sa.

A fagen daga wannan bambanci yana da daɗin sarrafawa ƙwarai. Mahaya kyarkeci suna da gudu, suna zagayawa bayan abokan gaba su afka wa 'yan baka da masu harba igwa, sai dai ba su da zuciya, da zarar an fuskance su gaba da gaba sai su watse. Mahaya alade ba su kai su sauri ba, amma idan suka taho da nauyinsu suka bugi sahun dakaru ta gefe, za ka ga mutane suna tashi sama. Akwai wani yaƙi da na yi a bakin wani kurmi inda na ɓoye mahaya gizo-gizo cikin itatuwa, na bar baradan Daular suka shige cikin dakaruna har sukuwarsu ta mutu, sannan na sako musu aladu ta hagu. Na ci wannan yaƙi, amma da na matso da kyamara na ga dawakai suna faɗuwa da adonsu, sai na ji ba daɗi, abin da ban taɓa ji ba idan alade ya faɗi. A gidan kawuna na tashi, inda ake ɗaure da ingarma a turke shekara da shekaru domin hawan sallah, don haka wataƙila ba zan iya yin adalci a wannan shari'a ba.

Da na tambayi kaina me ya sa ba a ba dodannin doki ba, dalilin da ya fara zo mini a rai shi ne na nauyi. Masu dawakai suna ƙiyasta cewa bai kamata doki ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa ba, wato dokin da ya kai kilo 500 zai ɗauki kamar kilo 100, har da sirdi da likkafa da makami. Orc kuwa, yadda aka zana shi a wasan, ƙato ne mai faɗin kafaɗa wanda ya ɗara kowane barde jiki, ga baƙin ƙarfe a kansa da gatari kamar ƙyauren ɗaki. Dalili na biyu shi ne hancin doki. Doki dabba ce da aka saba farauta, kuma warin abin da bai sani ba yana firgita shi. Masu tarihin Girka sun ruwaito cewa wajen shekara ta 547 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, Sairus na Farisa ya jera raƙuma a gaban rundunarsa, dawakan abokan gabansa na ƙasar Lidiya suka ƙi matsawa saboda warinsu, haka kuma giwayen Firus, wani sarki daga Girka, suka tarwatsa dawakan Rum a Heraklia a shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa. Dabbar da raƙumi ya tsorata, ina za ta tsaya wa halittar da ke warin ɗanyen nama, wadda kuma take kallon ta a matsayin abincin dare?

Dalili na uku ya fi waɗannan ƙarfi a wurina, kuma wasan da kansa ya nuna shi ba tare da ya faɗa ba. Doki dukiyar mai haƙuri ce. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, abin da ta haifa kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin a ɗora masa aiki na gaske, kuma a kowace rana ta waɗannan shekaru yana buƙatar kimanin kilo 10 na abinci da ruwa lita 25 zuwa 40. Na san wannan da hannuna, domin ni nake ɗebo wa dokin kawu harawa da dusa, in jiƙa masa kanwa, in share turke da asuba, sannan da yamma a fita da shi kilisa don kada ƙafarsa ta yi tsami. Bayan doki guda akwai manomi, da maƙerin linzami, da baduku mai ɗinka sirdi, da wanda ya san ciwon ciki idan ya taso cikin dare. To, a wasan, rundunar korayen dodanni tana da wani ma'auni na son faɗa, wanda idan ta daɗe ba ta yi yaƙi ba yake sauka har mayaƙan su fara kashe junansu. Al'ummar da ba ta iya zama wata guda lafiya ba za ta iya jiran ɗan dukushi ya girma ba.

Sai dai duk waɗannan dalilai suna da rauni guda, wato abin da aka ba dodannin a madadin doki ya fi doki wahala nesa ba kusa ba. Bakin doki yana da giɓi tsakanin haƙoran gaba da turame, a nan linzami yake zama, kyarkeci kuwa haƙoran yanka nama ne a wurin. Bayan doki yana da ƙarfin ɗaukar kaya, na kyarkeci yana lanƙwashewa ne a guje. Doki yana cin ciyawar da ya tarar a hanya, kyarkeci kuwa sai an yanka masa, don haka rundunar kyarketai dubu tana buƙatar garken shanu a bayanta kullum. Wanda ya taɓa ganin gardi yana wasa da kura a kasuwa ya san cewa bayan shekarun da suka yi tare, har yanzu da sarƙa da takunkumi yake riƙe ta. Idan lissafin ciyarwa ne ya hana dodanni doki, lissafin nan ya kamata ya fara hana su kyarkeci.

Amsar da na fi gamsuwa da ita na same ta ne lokacin da na kara da sarakunan masu shan jini da kuma baradan Chaos, wato mayaƙan da ke bauta wa miyagun alloli. Su ma miyagu ne a labarin, ba su da imani ko kaɗan, amma a kan dawakai suke zuwa, na masu shan jini ma har da dawakan da suka mutu aka tayar da ƙasusuwansu. Abin da ya raba su da Orc shi ne asalinsu mutane ne, wasunsu ma masu sarauta, kuma mugunta ba ta kwace musu sirdi ba. Ashe doki a irin waɗannan labarai shaidar daraja ce. Mahayinsa yana zaune a miƙe, yana kallon mutane daga sama, kuma ido yana girmama shi tun kafin a san halinsa, abin da duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan daushe ya ga 'yan lifidi sun wuce zai gane ba tare da bayani ba. A Turai ma haka abin yake, domin kalmar da Faransawa da Jamusawa ke kiran barde mai daraja da ita ta samo asali ne daga doki ko hawa. Marubucin almara da yake son mai karatu ya ƙyamaci wata runduna ba zai ba ta wannan kwarjini ba, sai ya ɗora ta a kan dabbar da ake tsoro ko ake ƙyama. Wannan ɗabi'a ta girmi wasan, domin tun a littafin The Hobbit na Tolkien, wanda ya fito a 1937, Goblin suke hawan manyan kyarketai.

Akwai kuma fa'ida ta zahiri ga mai wasa, wadda na yaba da ita sosai. Idan ka ɗaga kyamara sama, mayaƙa suka zama kamar tururuwa, siffar abin hawa kaɗai take gaya maka wane ne ke tahowa da kuma abin da ya kamata ka tare shi da shi, ko 'yan māshi ko 'yan baka. Da kowa a kan doki yake, da an rasa wannan. Kashi na biyu na wasan da ya fito a 2017 ya ci gaba da wannan tsari, inda mutanen ƙadangaru ke hawan wasu manyan dabbobi masu rarrafe, na uku kuma a 2022 ya ɗora 'yan Adam na ƙasar Kislev a kan beyar, abin da ya ɗan rikita mini lissafi, ko da yake su ma suna da dawakansu a gefe.

Wanda yake da kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin koyon dokoki masu yawa zai more kuɗinsa, musamman idan ya jira lokacin da aka yi rangwame. Wanda kuma yake neman wasan minti goma kafin barci ya nemi wani, domin yaƙi guda da shirye-shiryensa yakan ci mini fiye da rabin awa. Ni dai na ajiye Grimgor da aladunsa a makon jiya, na fara sabon zagaye da Bretonnia, ƙasar da ƙarfinta duka yake kan barade, kuma har yanzu ina koyon yadda zan janye su daga cikin dakaru kafin sukuwarsu ta mutu.