Sun sasanta mu kan riƙon yara, amma takardarsu ba ta saya mani ko tiyar gero ba

Wata bakwai ke nan da muka yi zaman sasanci ni da baban yarana a ofishin wata ƙungiya nan cikin Damagaram. Mata da dama sun tare ni suna tambaya ko wurin yana da amfani, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Shekara biyu da mutuwar aurenmu. Yara biyu ne tsakaninmu, namiji da mace. Da na gama idda na koma gidanmu a Birni da su duka, ba wanda ya ce uffan. Yaron na cika shekara 7 sai ga aike, wai a haɗa masa kayansa, lokaci ya yi. Kowa a garin nan ya san zancen: uwa riƙonta shekara bakwai, daga nan ɗa na uba ne. Na ce ba inda za shi. Yaron nan sikila gare shi, ni na san daren da nake kwana zaune ina gasa masa ƙafa. An kai mu gaban manya sau biyu, kowane zama sai a koma tonon tsohon faɗa, wa ya zagi wa, wa ya fara, har a tashi ba a ambaci yaron ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta kwatanta mani ofishin.

Na je da shirin faɗa, gaskiya. Na haddace laifinsa tun daga watan farko na aure. Wadda ta karɓe mu dattijuwa ce, kowa Hajiya yake ce mata, da tabarau rataye a wuya. Ina buɗe baki ta ɗaga hannu ta ce, "Ƴata, auren nan ya riga ya mutu, ba gawarsa muka zo wankewa ba. Yara biyu ne a gabana." Haka ta yi wa baban yaran da ya fara nasa.

Wansa, baffan yaran, ya ce ai addini ne ya ba su yaron. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, shekara bakwai al'ada ce. A Malikiyyar da muke bi, riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. In ta yi, kaka ta wajen uwa ce a gaba. Ci da sha da sutura da karatu kuwa suna wuyan uba. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi." Ni kaina ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Zuciyata ta yi fari, na ce yau na samu mai tsaya mani.

Ashe da saura. Ta juya ga baban yaran ta ce, "Malam, a ce yaron nan yana gidanka, ƙarfe biyu na dare cikin hunturu ciwon ya tashi, yana kuka yana riƙe da gwiwa. Me za ka fara yi?" Ya yi tsit. Ya ce a kai shi asibiti. Ta ce kafin a samu kabu-kabu fa? Wane magani yake sha kullum? Rukunin jininsa fa, in aka ce ƙarin jini? Bai san ko ɗaya ba. Ni ina gefe ina jira ta wanke shi tas a gaban wansa, sai kawai ta sa tabarau ta dube ni ta ce, "Ke kuma, ƴata, kin taɓa zaunar da shi kin koya masa?"

Wallahi kamar an watsa mani ruwan randa. Ban taɓa ba. Tun muna tare ni kaɗai nake ɗawainiyar ciwon, kuma bayan rabuwa na riƙe sanin nan kamar makami, don ya zama ba wanda ya iya da yaron sai ni. Ban san haka nake yi ba sai da ta faɗa. Ta ce in fito da karnen asibitin, wato littafin da ake rubuta jinyar yaron. Na ciro shi daga jaka, duk gefensa ya cinye don yawo. Ta matsa da kujerarta baya ta bar mana tebur. Nan na shiga buɗe masa shafi-shafi: ga ƙwayar da yake sha kowace safiya, ga ta rage zafi da yadda ake ba shi, ga ranar da aka ƙara masa jini. Na ce masa ruwa, ruwa, ruwa, kada gorarsa ta bushe ko a lakwal ko a makarantar allo, balle watan Afrilu da Mayu da garin nan ke tafasa ga famfo ba ruwa. Kada a yi masa wanka da ruwan sanyi da asuba. Kada ya kwana ba gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi ba a jiran gari ya waye. Shi kuma ya ari biro yana rubutawa a bayan wata takarda, hannunsa na rawa. Da muka zo kan ƙarin jinin ya tsaya ya ce, "Wannan yaushe ne?" Na ce lokacin kana Agadas. Ya ce, "Ba ki gaya mani ba." Na ce ba ka tambaya ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Shekara tara na san mutumin nan, ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai a wannan ɗakin. Hajiya ba ta sa mana baki ba ko sau ɗaya, ruwa kawai ta tura masa a kofi.

Bayan wannan sauran ya zo da sauƙi. Yara suna wurina. Ran Juma'a bayan la'asar ya ɗauke su, Lahadi da yamma ya dawo da su. Ƙaramar Salla wurina, ta layya wurinsa. Jaka 20 na sefa duk wata ta kamfanin aika kuɗi na Nita, kuɗin magani da na lakwal daban. In na yi aure a sake zama. Don wannan rana kaɗai, Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya rufa mata asiri duniya da lahira.

To amma akwai abin da har yau yake cina. An ce mu zo ƙarfe takwas, ba a kira mu ba sai wajen sha ɗaya da rabi, muna zaune kan benci ɗaya da mutumin da ya sake ni, jama'a na kallonmu. Ɗakin kuma labule ne kawai a ƙofa. Duk wanda ke waje ya ji sirrinmu, kafin in isa gida zancen kukan baban yara ya riga ni. Sannan an bar wansa ya shiga, ita kuwa Innata da ta rako ni aka ce ta jira waje, wai wuri ya yi kaɗan. Innar da take goya ƴar in na tafi ɗinki, ita ce ba ta da wurin zama? Har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Babban abin shi ne takardar. Da Faransanci aka rubuta ta, aka fassara mana a gurguje, muka sa hannu, na zo na adana ta ƙarƙashin akwati ina ganin na riƙe hujja. Wata uku kuɗi na zuwa daidai. Na huɗu jaka 10. Na biyar shiru. Na shida shiru. Na koma ofishin, aka ce Hajiya ta yi tafiya Yamai. Wani saurayi da na tarar ya duba takardar sama-sama ya ce ai wannan yarjejeniya ce tsakaninku, ba wanda za ta tilasta wa sai kun kai ta gidan shari'a alƙali ya tabbatar da ita. Na ce me ya hana a gaya mani ranar, lokacin da zuciyarsa ta yi laushi, da ko ina aka ce ya sa hannu zai sa? Ya ɗaga kafaɗa. Sun karɓi lambar wayata sun ce za su riƙa kira su ji yadda ake ciki. Wata bakwai, ko sau ɗaya ba a kira ba.

Don haka in mace ta tambaye ni, ina ce mata ki je, amma ki tafi da wanda ya iya Faransanci ya karanta miki layi-layi, ki dage uwarki ko wanki ya shiga, kuma kada ki bari a tashi ba a tsayar da ranar zuwa gaban alƙali ba.

Baban yaran bai taɓa fashin Juma'a ba, wannan ba zan danne masa ba. Yana zuwa da gorar ruwa ɗaure a bayan babur, kuma wancan watan da zazzaɓi ya kama yaron a gidansa, kafin ya kira ni har ya kai shi asibiti. Amma gero ni nake aunowa da kuɗin ɗinki, tiya-tiya, ga kuɗin ga-ruwa kullum. Ran Litinin in Allah ya kai mu zan ɗauki takardar in tafi gidan shari'a, yayana ya ce zai raka ni.